Wa Ya Yi Asara Ranar da Alhaji Ya Bar Tibati?

Tibati ba garin da za a kira matalauci ba ne. Manyan hanyoyin ƙasa biyu ne suka haɗu a cikinsa: lamba 6 da ta taso daga yamma ta Fumban da Banyo ta nufi Maiganga, da lamba 15 da ta hauro daga kudu ta Ntui da Yoko ta nufi Ngaundare. Kilomita 30 da ɗoriya daga garin akwai tafkin Mbakau, wanda kifinsa ke isa kasuwannin Ngaundare da Yawunde. Dajin da ke kewaye makiyaya ce ta shanu, ga masara, ga rogo, ga zumar Adamawa da ake ɗurawa a jarkoki ana kaiwa kudu. Nan ne kuma hedikwatar gundumar Jerem a jihar Adamawa ta Kamaru, da perefe da jandarmomi da ofisoshin gwamnati, ga fadar Lamiɗo mai tarihin kusan shekara 200.

Duk da haka akwai labarin da kowa ya san irinsa a garin, da ma Banyo da Tinyer da Maiganga. Yaro ya fara da tebur a bakin tasha, ko da dillancin kifi a bakin ruwa. Allah ya sa wa abin albarka, ya kama shago, ya sayi mota ɗaya, ya je Makka ya dawo. Daga nan sai a ji ya kama sito a Ngaundare, don ya riƙa sauke kaya kusa da jirgin ƙasa. Kafin a ankara uwargida da yara sun bi shi saboda makaranta. In abin ya ƙara bunƙasa, sai Duwala. Gidan Tibati ya zama na zuwa sallah da ɗaurin aure da ta'aziyya. Yaran shagonsa, da direbansa, da makanikin da ke gyara masa mota, da matar da ke dafa musu abincin rana, kowa ya kama gabansa.

Tambaya biyu ce a nan, kuma mutane sun fi tsayawa a kan ta farko: me ke korarsa? Ni ta biyun ce ta fi ɗaure mini kai. Mutumin da gida goma ko ashirin ke ci a ƙarƙashinsa ya tattara ya bar gari, amma da wuya ka ji an tura masa wani daga hukuma ya tambaye shi, Alhaji, me ya yi zafi, me za a gyara ka zauna? Alhali kuwa aikin yana da mai shi. Dokokin raba iko na 2004 sun damƙa wa ƙananan hukumomin Kamaru gina kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su, da tallafa wa noma da kiwo da su da sana'ar hannu, kuma daga 2010 aka fara miƙa musu waɗannan ayyuka a aikace. To me ya hana mai aikin jin zafin tafiyar?

Wadda ake fara zargi ita ce hanya, kuma tana da nata laifin. A ƙarni na 19 Tibati ƙofa ce. Tun da Ardo Hamman Sambo ya sauko daga Camba ya kafa mulkinsa a nan, fataken Hausa da na Barno da ke neman hauren giwa a ƙasar Wute, har zuwa Ngila kusa da kogin Sanaga, ta Tibati suke bi. A 1899 sojojin Jamus suka ci garin, ƙofar ta fita daga hannun mai ita. Faransawa suka zo suka fifita Ngaundare. Da aka shimfiɗa layin dogo daga Yawunde, wanda ya isa Ngaundare a 1974, ta Ngaundal ya bi, kusan kilomita 100 gabas da Tibati. Daga baya kwalta ta haɗa kudu da arewa ta Bertuwa da Garwa-Bulai da Maiganga, manyan motoci suka koma can. Aka bar wa Tibati hanyar Yoko da ta Banyo, waɗanda a wancan lokacin da damina mota kan kwana a cikin taɓonsu, kayan da ke ciki in mai ruɓewa ne sai dai a yi wa mai shi jaje.

Da a ce hanya ce kaɗai, da garuruwan da kwalta ta ratsa sun riƙe nasu. Ba su riƙe ba. Nana Buba, ɗaya daga cikin manyan attajiran Kamaru, ɗan yankin Maiganga ne, amma masana'antarsa ta sabulu da mai, Azur, a Duwala take. Kuma tun 2017 aka shiga aikin kwalta a hanyar lamba 15 da kuɗin Bankin Raya Afirka da wasu masu ba da lamuni, aka gina gada a kan Sanaga a Nachtigal, tafiyar Yawunde zuwa Tibati ta yi sauƙin da iyayenmu ba su gani ba. Abin farin ciki ne. Sai dai hanya ba ta bambanta mai shigowa da mai fita. Yadda take kawo mai saye, haka take ba mai sito a Yawunde damar aiko da motarsa ta kwashi kaya ta juya ba tare da ya ajiye ko tabarma a garin ba.

Na biyu shi ne tsaro. 'Yan fashin da ake kira zargina sun addabi hanyoyin arewacin Kamaru tun shekarun 1990, daga baya satar mutane don kuɗin fansa ta yi wa makiyayan Adamawa mummunar ɓarna, musamman tsakanin 2015 da 2019. Ruga da yawa sun watse, masu shanu sun sayar sun gudu cikin gari. Ba ƙaramin bala'i ba ne. Amma ƙaurar 'yan kasuwa ta girme shi, kuma ba ta tsaya ba a shekarun da aka samu sauƙi.

Na uku ya fi kama da mai laifi, shi ne wuta. Don a gane nauyinsa sai an je bakin ruwa da asuba. Kwale-kwale na shigowa ɗaya bayan ɗaya, masunta Musgum da Kotoko daga arewa mai nisa, da Hausawa, da 'yan Najeriya da 'yan Mali, kowa na zube abin da koma ta kamo, karfasa da tarwaɗa, wani lokaci giwan ruwa. Daga lokacin da kifin ya taɓa ƙasa an shiga tsere da rana. Mai ƙanƙara shi ne sarki, don shi kaɗai ke iya cewa ba zan saya haka ba, ya jira. Wanda ba shi da ita zaɓi biyu gare shi: ya sayar a farashin da aka yanka masa kafin hantsi, ko ya miƙa wa mata masu banda. Su kuma sun jera tandunansu na laka da rabin ganga, an shimfiɗa waya a kai, itace na ci a ƙasa, hayaƙi na shiga ido tun safe har yamma. Kifin ya bushe, ya yi baƙi, ya rage nauyi, a shirya shi a kwali a ɗaure da igiyar roba, a rubuta sunan mai shi. Sau da yawa ma ba na masuncin ba ne tun yana cikin ruwa, domin wadda ta ba shi bashin koma da man inji, 'yar kasuwa ce daga Yawunde, kuma da kifi ake biyanta.

Ruwan da kifin nan ya fito daga ciki an tare shi ne saboda lantarki. An gama madatsar Mbakau a kan kogin Jerem a 1969, tana riƙe ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.6, ana sakinsa da rani don kada injinan lantarki na Edeya su tsaya, can kudu, inda ake narka alminiyam. Shekara 50 da wani abu ruwan Jerem na haska Duwala, Tibati kuwa na dogara da injin gas, mai tsada, mai yawan tsayawa. Sai a 2022 aka ƙaddamar da ƙaramar tashar lantarki ta ruwa a Mbakau, mai ƙarfin megawat 1.4, wadda wani kamfani mai zaman kansa, IED Invest, ya gina don Tibati da ƙauyukan kewaye. Wanda ke son kafa injin ƙanƙara ko ɗakin sanyi ko injin niƙa a shekarun da suka wuce, ba a yi masa adalci ba in an ce rashin kishin gari ne ya kai shi Ngaundare.

Wuta ta amsa tambayar farko, ko da rabi ne. Ta biyun kuwa sai ma ta ƙara mata nauyi. Megawat ɗaya da rabi ba abin da ya gagari ƙarni na 20 ba ne. Me ya sa aka yi rabin ƙarni ba a samu wanda ya kafe a kan maganar ba, ya yi ta sintiri Yawunde har sai an yi? Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ya sa rashin wutar ya zama damuwar mai shago da mai kifi kaɗai, bai zama damuwar asusun gari ba.

Idan ka tambayi 'yan kasuwar da kansu, haraji za su ce maka. A ranar kasuwa, kafin mace ta gama kwance kayanta, mai tikiti ya tsaya a kanta da ɗan littafinsa.

"Hajiya, na yau."

"Haba ɗan nan, ko buɗa baki ban yi ba. Bari in yi cinikin fari mana."

"Ki yi haƙuri Hajiya, ni ma aiko ni aka yi."

Ta kwance bakin zane ta ba shi, ya yago takarda ya miƙa mata, ta soke a ƙarƙashin faranti don kada wani ya sake zuwa. Mahauci na biyan kuɗin yanka a kan kowace dabba. Mai shanu na biyan nasa a kara. Mai mota na biya a tasha, mai baro da mai tebur a bakin titi na biyan kuɗin tare hanya, mai shago na biyan haya da harajin ƙananan 'yan kasuwa, wanda kafin dokar Disamban 2024 shi ne liberatuwar, ana karɓarsa duk wata uku daga wanda cinikinsa bai kai sefa miliyan 10 a shekara ba. Dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disamba 2009 ta jera waɗannan duka. Kukan kuwa ɗaya ne ko'ina: muna biya, amma rumfa na yoyo, babu ruwa a mayanka, babu makewayi.

Kukan gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ya koma Ngaundare ko Duwala ba haraji ya guje wa ba, can ya fi biya, kuma can ma'aikatan haraji sun fi sa ido. Sannan a dubi su wa ke biyan tikitin nan: mai kifi, mahauci, mai kayan miya, ɗan acaɓa. Duk mutanen da ba za su iya tafiya ba ne. Tafki ba ya ƙaura, don haka masunci na nan. Marigayi Alhaji Abbo na Ngaundare ya zauna a garinsu da kamfaninsa na masara, Maïscam, kuma gona ba abar ɗauka a kai ba ce. Wanda tikiti ke kamawa ba ya buƙatar a lallashe shi, wanda ke buƙatar lallashi kuma ya wuce matakin tikiti. Wannan ne zaren farko da ya kamata a riƙe.

Zare na biyu yana fada. A da, ba a barin babban ɗan kasuwa ya bar gari a yi shiru, kuma ba don mutanen da sun fi na yanzu kirki ba ne. A fadojin Adamawa, bayan manyan Fulani da bayin sarki, akwai kujerun Hausawa da Barebari, waɗanda ake kira Kambari, kuma sarautun kasuwa da sunayensu na Hausa suka zauna: Sarkin Hausawa, Sarkin Pawa, Sarkin Shanu, Sarkin Zango. Ayari ya iso, madugu ya sauka a zango, mai masauki ya karɓi kaya ya nemo masu saye ya tsaya a kan bashi, a kai gaisuwa fada. In an cuci baƙo, akwai ƙofar da zai bi maganarsa ta kai kunnen Lamiɗo a ranar. Dalilin a fili yake. Lamiɗo shi ne babban mai sayarwa a garin, kuma shi ne babban mai saye. Yana buƙatar tufafin Kano da dawaki da kanwa, yana buƙatar wanda zai kwashi abin da ya tara. Tibati da Banyo da Ngaundare kishiyoyin juna ne, in fatake suka juya wa ɗaya baya suka nufi ɗaya, taskarsa za ta gaya masa kafin rani ya fita. Ko lokacin da Lamiɗo Mahamman Lamu ya shafe shekaru yana kewaye da Ngambe ta Tikar, fatake sansaninsa suka bi, domin inda yake nan kasuwa take.

Ba kewar wancan zamani nake yi ba. Cikin hajar da ake kwasa daga Tibati har da mutane, 'ya'yan Wute da Tikar da Mbum da Gbaya da aka kamo a hari, kuma jikokinsu na nan a garin, maƙwabta ne, surukai ne. Abin da nake so a ɗauka daga ciki guda ɗaya ne: a wancan tsarin, tafiyar ɗan kasuwa tana rage wa mai mulki wani abu da yake iya ƙirgawa.

Yanzu sai a buɗe littafin kuɗin ƙaramar hukuma irin ta Tibati, a nemi inda tafiyar Alhaji za ta bayyana.

Kuɗin da ke shigowa iri uku ne. Na farko shi ne wanda muka gani, tikiti da haya da kuɗin yanka da sauransu. Ana shan wahala a kansa, amma a yawancin ƙananan hukumomin karkara shi ne mafi ƙanƙanta. Na biyu shi ne ginshiƙin, kuma yawancin mutane ba su san suna biyansa ba. Harajin kayan masarufi a Kamaru kashi 19.25 cikin ɗari ne. Asalinsa 17.5 ne, ragowar 1.75 ƙari ne na kashi goma da aka ɗora don ƙananan hukumomi, kuma akwai irin wannan ƙari a kan harajin riba da na albashi. Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, gwamnati na cire kashi 10 na wahalar karɓa, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi, FEICOM, wanda aka kafa a 1974, na ɗaukar kashi 20, kashi 70 kuma na ƙananan hukumomi ne. Daga cikin saba'in ɗin, ɗan kaso ne ke zama inda aka karɓi kuɗin. Mafi yawa ana tara shi wuri ɗaya a raba wa kowa bisa yawan jama'a, kuma ƙidayar da aka shafe shekaru ana dogara da ita ta 2005 ce. Na uku shi ne kuɗin ayyuka daga gwamnati. Tun 2019 kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 360 na ƙasar na samun sefa miliyan 100 a shekara, babba da ƙarama, mai kasuwa da marar kasuwa, kowa daidai.

To Alhaji ya rufe shago ya tafi. Kason da ake rabawa bisa yawan jama'a bai motsa ba, don ba a sake ƙidaya saboda gida ɗaya. Miliyan 100 na nan. Shagon da ya bari, wani ƙaramin ɗan kasuwa ya kama haya a watan. Katan ɗin sabulun da yake kawowa ma, harajinsa ba a Tibati ake zuba shi ba tun asali, masana'antar ce ke biya a ofishin manyan kamfanoni. Shi kansa Alhajin, a tsarin da ake bi kafin dokar Disamban 2024, tun ranar da cinikinsa ya haura miliyan 10 ya fita daga liberatuwar, in ya haura miliyan 50 fayil ɗinsa ya koma cibiyar haraji ta matsakaitan kamfanoni a babban birni. Abin da ya rage na gari a kansa shi ne fatanti, wato harajin lasisin sana'a, shi ma ma'aikatan harajin gwamnati ke karɓa, ya bi ta baitulmali kafin ya dawo. Wato ya riga ya bar littafin gari tun yana kwana a garin. Ranar da ya ɗora kaya a mota, babu layi ɗaya da ya ragu yadda akanta zai ɗaga kai.

Amsar ke nan. Ba a tare shi a ƙofa ba domin a takarda babu wanda ya yi asara. Waɗanda suka yi asarar, yaran shago da direba da makanike da mai abinci, ba su da shafi a littafin.

Da zarar an gane wannan, sauran abubuwan da suka ɗaure kai sai su warware da kansu. Me ya sa mai tikiti ba ya jiran cinikin fari? Domin kuɗin ƙananan hukumomi a asusun baitulmali ɗaya suke kwana, kason da ke zuwa daga Yawunde kan yi jinkiri, magadan gari sun daɗe suna kuka da haka, alhali ma'aikata na jiran albashi kuma motar shara na jiran mai. Tikiti ne kaɗai kuɗin da ke shiga hannu a ranar. Ƙaramar hukuma na matsa wa Hajiya mai kayan miya ba don ta raina ta ba, sai don ita ce kusa. Me ya sa a garuruwa da dama ake ganin jerin sababbin shaguna a kulle, 'yan kasuwa na zaune a bakin titi? Domin kuɗin ayyuka na gini ne, kuma ana auna magajin gari da yawan abin da ya kashe daga kasafin da yawan abin da ya tsayar a ƙasa. Ba a tambayarsa shago nawa ke buɗe bayan shekara biyu. Filin da ya samu ba tare da rigima ba sau da yawa yana bayan gari, inda mai saye ba ya zuwa. Me ya sa ɗan kwangilar gari ke karyewa? Domin ya ci bashi ya yi aiki, biyan ya makale a hanya, babban kamfani daga birni ne kaɗai ke da numfashin jira. Maganar wuta ma haka. Injin ƙanƙara zai ƙara wa masunci riba ya ɗauki samari aiki, amma abin da zai ƙara wa asusun gari bai taka kara ya karya ba.

Ban ce magadan gari ba su damu ba. Da yawansu 'yan kasuwa ne ko 'ya'yan 'yan kasuwa, a masallaci ɗaya suke salla da waɗanda ke tafiyar, kuma suna neman ƙuri'a. Amma mutumin da aka ba ofis, littafin ofis ɗin ne ke gaya masa abin da ke gaggawa da abin da zai iya jira. Kuma rabon kuɗi bisa yawan jama'a ba mugunta ba ce. Ba don shi ba, da Duwala da Yawunde sun lashe komai, ƙauyukan Jerem ko rijiya ba za su gani ba. An yi shi don adalci, ya kuma yi adalcin, sai dai ya zo da wannan makanta.

Garwa ta tabbatar da lissafin ta wata fuska. Birni ne da ya samu duk abin da Tibati ta rasa: tashar jiragen ruwa a kan Binuwai, inda a da jiragen kaya daga Najeriya ke hawowa da damina su sauke siminti da mai da gishiri su ɗauki auduga da gyaɗa, filin jirgin sama, kwalta, hedikwatar kamfanin auduga SODECOTON tun 1974, masaƙar CICAM, ga shugaban ƙasa ɗan gari. Alhazan Garwa sun yi suna a zamanin Ahmadu Ahijo. Amma igiyar da ta riƙe su ba a ofishin magajin gari aka ɗaure ta ba, a Yawunde ne, wajen lasisin shigo da kaya da bashin banki. Yaƙin basasar Najeriya ya katse zirga-zirgar kogin, madatsar Lagdo ta 1982 ta sauya yanayin ruwansa, Ahijo ya sauka a Nuwamban wannan shekarar, igiyar ta saki. Abin da ya tsaya shi ne abin da ke da saiwa a ƙasa, wato auduga. Yau ɗan kasuwar Garwa na da hukuma biyu a kansa, ta birni da ta yankinsa cikin ukun da aka raba garin, kowace da nata mai karɓa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙananan hukumomi 774 na Najeriya ma da kason wata-wata daga Abuja suke rayuwa, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 a kan hanyar da kuɗin zai bi ya isa gare su ne, bai taɓa tambayar ko shugaban ƙaramar hukuma zai ji a jikinsa in masaƙa ko majema ta rufe a garinsa ba. Inda abin ya bambanta, tsarin kuɗin ne ya bambanta. A Jamus, ƙasar da sojojinta suka ci Tibati, kowace ƙaramar hukuma ce ke tsayar da ma'aunin harajin sana'a na garinta, kuma mafi yawan kuɗin nata ne. Magajin garin da masana'anta ta bar masa gari zai ga ramin a kasafin shekara mai zuwa, shi ya sa yake zuwa da ƙafarsa ya tambayi mai ita abin da ke damunsa.

A Disamban 2024 Kamaru ta yi sabuwar dokar harajin ƙananan hukumomi. Ta haɗe liberatuwar da tsarin da ke sama da shi zuwa haraji guda ɗaya, wanda ya shafi duk mai cinikin da bai kai sefa miliyan 50 a shekara ba, kuma kuɗinsa na ƙananan hukumomi ne. Wannan ya taɓa ainihin wurin da ciwon yake. Mai shagon kayan gini, da dillalin kifi mai mota ɗaya, da mai injin niƙa, waɗanda a da suke ficewa daga littafin gari da zarar sun ɗan yi ƙarfi, yanzu suna ciki, kuma bunƙasarsu na iya zama ribar gari. Yana iya zama dalilin da zai sa magajin gari ya kira Sarkin Pawa da shugaban masunta da na direbobi su zauna kafin a zaɓi filin sabuwar kasuwa, domin waɗannan mutane sun san wanda ke shirin ƙaura tun bai gaya wa iyalinsa ba, kuma sun san abin da zai tsayar da shi, ko fili ne kusa da tasha, ko layin wuta, ko a biya shi bashin kwangilarsa. Yana kuma iya zama sabon littafi a hannun mai tikiti, a matsa wa wanda a da yake ɓoye cinikinsa har ya ga gara ya tafi inda ba a san shi ba. Dokar ba ta zaɓa wa kowa ba.

Iyakar kuma tana nan, an ɗaga ta ne kawai daga miliyan 10 zuwa 50. Mutumin da zai iya kafa ɗakin sanyi a Mbakau, ya sayi motoci masu firji, ya riƙa kai ɗanyen kifi Yawunde a kan sabuwar kwalta da sunan Tibati a jikin kwalin, cinikinsa zai wuce miliyan 50 tun a shekarar farko. Daga ranar fayil ɗinsa zai koma birni, kuma abin da gari zai riƙa gani daga gare shi shi ne fatanti da ɗan kason da ya rage bayan an raba wa ƙananan hukumomi 360.